Baƙin Man da Na Zuba a Lambun Malama

Shekaru masu yawa da suka wuce, cikin shekarun tamanin, ina tuƙin minicab, wato tasi, a unguwar Peckham da ke London. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka duk Asabar da hantsi nakan je ajin koyon Turanci na manya. Malamarmu 'yar Sweden ce, doguwa, kullum a kan keke. Mukan tsokane ta cewa ita ma Turancin aro ta yi.

A bayan benenmu akwai wani fili da ya zama juji. Malama ta yi ta zirga-zirga har council, wato ƙaramar hukuma, suka ba mu aronsa na shekara guda, in lambu ya yi kyau su bar mana, in bai yi ba su karɓe. Mu 'yan aji muka share, muka kewaye kunyoyi da katako. Maiɗakina ta shuka alayyafo, abokina ɗan Gana ya sa tumatir.

Ni kuwa da na ga katako a ƙasa sai na tuna gida. A garinmu ba a kafa itace sai an shafe shi da baƙin mai saboda gara. Ranar da na yi juyen man mota, na tsiyaye shi kaf a gindin katakan. Ban gaya wa kowa ba, wai ina jiran yabo. Ashe London ko garar babu.

Aka kwana uku ana ruwa. Man ya bi ƙasa, shuka ta mutu, sauran ya gangara kwata. Jami'in council ya zo ya ce wanda ya yi wannan zai iya gurfana a kotu. A lokacin takarduna na zama a ƙasar ba su gama fitowa ba. Malama ta tambaye mu a aji ko akwai wanda ya san abin da ya faru. Na sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya wa jami'in cewa ita ce mai kula da wurin, a ɗora mata laifin. Suka karɓe filin, aka shimfiɗa kwalta, ya koma wurin ajiye motoci. Ni ma nan na riƙa ajiye tawa.

Ta koma ƙasarsu. Bayan kusan shekara goma abokina ya zo min da labarin an zaɓe ta majalisar dokoki a jam'iyyar masu kare muhalli. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na rubuta mata wasiƙa na faɗi gaskiya.

Amsarta gajera ce: "Malam, tun ranar na sani. Kai kaɗai ke da mota a ajin, ga kuma baƙin mai a takalminka. Jira nake ka faɗa da bakinka. Turancinka ya gyaru."

Zuba man jahilci ne, wannan na yafe wa kaina. Shirun kuwa da sanina na yi shi, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Maiɗakina tana shuka alayyafonta a bokiti bakin taga. Ban ruwa aikina ne, amma ta hana ni ƙara komai a ciki.