Ƙasar Gindin Mangwaro Ta Tafi Agadas

Sokode

Ko ladanin unguwarmu Didawure bai tashi ba lokacin da Mutaru ya fara buga mini ƙofa, kamar ni ce zan sa mota ta bar shi. Mutaru ƙanena ne, makanikin mota, kuma shi ne mai ƙaura. Wani mai motoci ya ɗauke shi aiki a garejinsa can Agadas. Matarsa Fusena na da ciki wata shida, cikin fari. Ni kuwa, Zenabu mai atamfa a babbar kasuwa, Mma mahaifiyarmu ce ta ce in rufe rumfata in raka su. A lokacin hanyar Fada, ta cikin Burkina, ba ta lalace ba tukuna.

Ba don shan iska aka tura ni ba. Mutaru ya rantse ba zai zauna gidan haya ba, gida zai saya a Agadas. Abin da zai sayar ya sayi gidan shi ne rabonsa na gadon Baba: ɗakuna biyu na bakin hanya, da filin da mangwaronmu yake. A gindin mangwaron nan aka binne mabiyiyar Baba, da tawa, da ta Mutarun kansa. Mai sayen kuma, Alhaji Yakubu, ɗan kasuwar albasa a Dapaong, ɗakin ajiyar kaya zai gina, ya faɗa a fili itacen ba zai tsaya ba.

Mma ba ta hana ba. Ta ce rabonsa ne. Amma da muna ɗaure kaya ta ja ni bayan ɗaki, ta danƙa mini gwangwanin madara mai nauyi. Na buɗe, ƙasa ce ja, da ɗan damshinta.

"Ta gindin mangwaro ce," in ji Mma. "In ya sayi gidan, ki dawo mini da ita, don ita kaɗai za ta rage mini. In bai saya ba, ki bar wa Fusena, in ta sauka a zuba a ramin mabiyiya."

Na ce, "Mma, ki faɗa masa da bakinki mana."

Ta ce, "Ba zan sa ɗana ya tafi da nauyina a wuyansa ba. Ke dai ki duba gidan da kyau. Ki duba rufi kada ya yi yoyo, ki tambayi rijiya."

Zuciyata ta yi mini zafi, wallahi. Na tura gwangwanin ƙarƙashin zannuwana, muka hau babura zuwa tasha.

Daga Sokode zuwa Dapaong

Motar mai mutum goma sha biyar ce, aka cusa mu ashirin, ban da buhunan doya a sama. Na yi faɗa da kamasho sai da ya ba Fusena bakin taga. Gari na wayewa muna hawan Alejo, inda hanya ta ratsa dutse ta raba shi biyu. Direban ya sassauta, kowa ya yi salati, wata mata a bayana ta damƙe mini kafaɗa kamar ni ce birki.

A Kara muka karya da koko da ƙosai. Daga Kante itatuwa suka fara raguwa. Mutaru dai bakinsa bai huta ba: gidansa zai yi kaza, zai sa ƙofar ƙarfe, zai ja wuta har bayan gida. Na ce masa, "Kai ko hoton gidan ba ka gani ba, har ka fara zaɓen fenti?" Ya ce ni dama haka nake, ba na son ci gaba. Muka ƙetare gadar Mango, muka shiga Dapaong bayan azahar.

Dapaong

Alhaji Yakubu ya sauke mu a gidansa kusa da kasuwa. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce na zage shi. Ya sa aka yanka mana zabo, aka yi tuwon dawa da miyar kuka. Bayan la'asar ya zauna da mu a tsakar gida ya ce shi a shirye yake, ko yau. Mutaru har ya gyara zama. Na riga shi.

"Alhaji, ku yi mana haƙuri mu je mu gani. Ta nan zan dawo, ni zan kawo amsa."

Ya ce, "Babu laifi, Hajiya. Albasa ce ke ruɓewa, fili ba ya ruɓewa. Zan jira ki."

Da Alhaji ya tashi, Mutaru ya juyo mini rai a ɓace. "Yaya, me ya sa kike shiga mini hanci?"

Na ce, "Gaya mini gaskiya, saurin me kake yi? Mutum nawa ne a Didawure ke haya, sun mutu?"

Ya dubi inda Fusena ke wanke hannu, sannan ya sauke murya. "Ɗana na fari ne, Yaya. Ni an binne mabiyiyata a ƙasar ubana. Shi kuma in binne tasa a gidan wani? Gobe mai gida ya ce mu tashi, jibi wani ya zo ya haƙa masai a kai. Ba zan iya ba."

Ni da na zo da faɗa cike da baki, sai fushina ya sauka. Na ji tausayinsa ƙwarai. Ashe duk zancen ƙofar ƙarfen nan rufe-rufe ne, tsoro yaron ke ji.

Hanyar Yamai

Da sassafe muka kama motar Sinkase, muka shiga Burkina, muka bi ta Kupela da Fada. Sauka da hawa a shingaye har na daina ƙirgawa. Bayan mun shiga Nijar aka sauke mu duka, kowa ya buɗe kayansa. Wani jandarma ya zura hannu cikin jakata ya fito da gwangwanin. Ya girgiza, ya buɗe, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsunsa.

"Madam, mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙasa ce."

"Ina za ki da ita?"

"Agadas."

Ya kira abokan aikinsa. "Ku zo ku ga wadda za ta kai wa Agadas ƙasa! An ce miki tasu ta ƙare?" Duk fasinjoji suka fashe da dariya. Ni kuwa kunya kamar in nutse. Na ce, "Ta gidanmu ce, uwarmu ta ba ni." Sai ya daina dariyar, ya rufe gwangwanin da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mutaru na tsaye a gefe, ya gani. Ya san jar ƙasar nan, a cikinta ya yi rarrafe. Da muka koma mota ya tambaye ni, na faɗa masa abin da Mma ta ce ba ragi ba ƙari. Muka ci gaba har Yamai. Can muka kwana wajen wata 'yar Sokode mai sayar da wace, wato shinkafa da wake, a tasha, don Fusena ta miƙe ƙafa.

Daga Yamai zuwa Agadas

Wannan hanya, jama'a, ba ta ƙarewa. Doso, Kwanni, Tawa, muna ta tafiya. Bayan Abalak kuwa kwalta ta zama tarihi, motar na rawa, ruwan gorarmu ya yi zafi kamar na wankan jego. Na leƙa taga ina neman itacen da zan kira itace, ban samu ba, sai ƙayoyi da raƙuma. Na ce wa Mutaru, "Nan ka zaɓa ka kawo 'yar mutane?" Fusena, baiwar Allah, ita ce ma ke ba ni haƙuri.

Agadas

Maigidan Mutaru ya sauke mu a tsohon gari, gidan wata tsohuwa, Hajiya Tima, wadda ke ba da hayar ɗakuna biyu. Ginin laka ne, rufin azara da ƙasa, ƙofa gajera sai ka sunkuya. Muka dubi juna ni da Mutaru. A Sokode irin wannan gini damina guda ta ishe shi, kuma ba mai kai amarya ciki. Ya raɗa mini, "Kin gani ko? Irin nan kike so in zauna?"

Washegari da sanyin safiya dillali ya kai mu bayan gari. Kai! Gida ne na bulo da siminti, rufin kwano sabo fil yana walƙiya, ƙofar ƙarfe shuɗiya. Ni ma ya tafi da ni, ba zan ɓoye ba. Na ɗaga kai na tambaya ko rufin na yoyo. Dillalin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Hajiya, in ya yi yoyo ki kira ni in zo da bokiti in tara." Na tambayi rijiya, ya ce babu, sai 'yan garuwa. Mutaru ya ce a yi magana.

Na ce, "Tsaya. Ni atamfa nake sayarwa, kuma ban taɓa sayen turmi ban fitar da shi rana tsaka na duba ba. Mu dawo da azahar."

Dillalin ya ce yana da uzuri da azahar, amma ya ba mu makulli. Muka dawo mu uku a adaidaita, mai adaidaitan ya juya. Na kama ƙofar, na saki da ihu, tafin hannuna kamar na taɓa murfin tukunya. Mutaru ya tura da ƙafa. Cikin ɗakin kuwa, kwanon nan da muka yaba da safe shi ke sauko mana da wuta a ka. Fusena ta yi taku kaɗan, ta dafa bango, bangon ya ƙona ta, ta sulale ƙasa tana cewa numfashinta ba ya fita.

Muka ciccibe ta waje, wajen kuma babu inuwa ko ta sandar wuta. Na ruga na buga gidan kusa, ba kowa, na gaba kango ne. Da na waiwayo, Mutaru ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa ta a sama da kan matarsa yana yi mata inuwa, bayansa tsirara a rana, yana kiran sunanta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Allah ya jefo mana wani mai amalanken jaki da jarkokin ruwa, shi ya yayyafa mata, ya kai mu bakin titi.

Da muka sunkuya muka shiga ɗakin lakar da muka raina, sanyi ya tarbe mu kamar na randa. Hajiya Tima ta jiƙa zane ta lulluɓa wa Fusena, ta dama mata fura da cuku da dabino. Can yarinyar ta buɗe ido ta ce ɗan ya motsa. Na yi hamdala na fashe da kuka.

Da yamma Mutaru ya ce akwai wasu gidajen, gobe zai nemi wani dillali. Hajiya Tima ta ce, "Ɗana, ba ka san garin nan ba tukuna. Zauna ka ga zafinsa, ka ga sanyinsa, ka ga inda ruwa ke bi in ya zo. Gida ba ya gudu. Me ke korarka?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata abin da ya faɗa mini a Dapaong. Ta tashi ta ce mu biyo ta. Bayan ɗakinta akwai wani lungu a share tas, da ƙananan duwatsu jere a gindin bango.

"Waɗannan na mabiyiyar 'ya'yana ne," in ji ta. "Waɗannan kuma na 'ya'yan 'yan haya. Wannan uwarsa 'yar Gana ce, yanzu direba ne, in ya zo gari sai ya shigo ya gaishe ni. Ba a zuba ruwan wanki a nan, ba a ɗaure akuya. Na gaya wa 'ya'yana, ko bayan raina."

Mutaru ya daɗe a tsaye yana kallon duwatsun. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, kawo gwangwanin." Na kawo. Ya shiga ɗakin da aka ba su, ya ɗora shi a alkukin bango, saitin inda Fusena ke kwance. Ya ce wa Hajiya za su kama hayar shekara.

Dawowa

Ni kaɗai na dawo, jiki duk ciwo. A Dapaong na sami Alhaji Yakubu a cikin buhunansa na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, an fasa." Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ma cika mini leda da albasa in kai wa Mma. Ina gode masa, ina gode wa Hajiya Tima da mai amalanken da ban ko tambayi sunansa ba, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da ni.

Na shiga Didawure an ɗauke ruwa ke nan, mangwaro ya zubo a tsakar gida. Mma ba ta tambaye ni komai ba. Ta amsa gaisuwa sama-sama, ta ja jakata gabanta ta fara fitar da kaya da kanta: dabino, cuku, albasa, zannuwana ɗaya bayan ɗaya. Ta kai ƙasan jaka, ta shafa, ta sake shafawa. Ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Na baro shi Agadas, Mma."

Ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka.

Bayan wata uku Mutaru ya bugo waya, Fusena ta sauka lafiya, an sami mace, sunan Mma za a sa mata. Ya ce ya haƙa ramin da hannunsa a lungun Hajiya, ya zuba rabin ƙasar, rabi kuma ya adana saboda na gaba. Mma na zaune gindin mangwaro tana jin mu. Ta ce, "Ki ce masa ya zuba duka, kada ya yi wa jikata rowa. Akwai saura a gida."