Ranar Da Jirgin Baba Bulus Ya Shiga Ruwa

Rusholme, 5:40 na asuba

Wata Asabar cikin Satumba na fito daga masaukina bayan sallar asuba. Shagunan Wilmslow Road duk a rufe, sai masu shara. Bas ta kai ni tsakiyar gari cikin minti goma sha biyar, na hau babbar motar Birmingham ta shida da rabi. Tafiyar mil tamanin ce da 'yan kai.

Baba Bulus ne dalilin tafiyar, abokin mahaifina tun suna makaranta a Numan. Makanikin bas ne a Birmingham har ya yi ritaya. Ya shekara biyar yana gyaran wani tsohon jirgin ruwa a bayan gidansa, irin wanda iska ke turawa. Ana gab da gamawa shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, hannunsa na hagu ya yi rauni. Matarsa, Mama Rifkatu, ta yanke hukunci: a gwada jirgin sau ɗaya da wani a ciki. In Baba ya iya, ya riƙe abinsa. In bai iya ba, a sayar. Ni aka kira, don a jami'a ina nazarin yadda iska da ruwa ke gudana, ko da yake ilimina duk a kwamfuta yake.

Balsall Heath, 9:25

Mama ta tare ni da ƙosai da kunun gyaɗa. Ban gama sha ba Baba ya ce, "Sadiƙu, taso ka gan shi."

Jirgin na kan 'yar tirelar da mota ke ja. Tsawonsa ƙafa goma sha takwas, faɗinsa bakwai, ƙasansa shuɗi, samansa fari. A gaba akwai ɗan ɗaki mai gado biyu da risho, mutum na iya zama a ciki amma ba ya miƙewa. A tsakiya ake kafa dogon ƙarfen da ke ɗaukar ƙyallen iska guda biyu, babba a baya, ƙarami a gaba. Baba ya durƙusa ya nuna mini wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke naɗe a cikin cikinsa.

"Wannan shi ne keel. Ana sauke shi da hannun murɗawa. In yana sama, ruwa iya gwiwa ya ishe mu. In ya sauka, shi ke hana iska kifar da mu."

"Baba, ba ya da faɗi da yawa?"

"Yana da shi. Ba na tsere ba ne, na yawo ne. Ba zai yi gudu ba, amma ba zai ba ka kunya ba."

Likita ya hana Baba tuƙi, don haka Mama ce ta ja mu. Mun bar gida goma da kwata.

Bakin tafki, 11:10

Mil ashirin da biyu muka yi zuwa wani babban tafki a wajen gari, Mama ba ta wuce gudun mil arba'in ba. A ƙofa wata Baturiya ta duba takardar inshora da rigunan hana nutsewa, ta tambaya ko an wanke ƙasan jirgin. Ta ce iska za ta ƙaru bayan ƙarfe ɗaya.

Kafa ƙarfen ya ci mana minti arba'in. Sha biyu daidai jirgin ya zame daga tirela. Baba ya leƙa cikin ɗakin, ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya ɗago busasshe. Mama ta shimfiɗa zani a kan ciyawa ta zauna.

Kan ruwa, 12:20

Da farko iska kaɗan ce, jirgin ya yi nauyi, wasu 'yan ƙananan jirage suka yi ta wuce mu. Da ta ɗan taso sai ya jingina gefe, ya tsaya a haka, ya kama tafiya, ruwa na ƙara a ƙarƙashinsa. Ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai an yi ta karkata dama da hagu. Wurin juyawa yana da jinkiri. In ba a tara gudu ba, sai ya tsaya a tsakiya ƙyallen na kaɗawa. Sau biyu haka ta same mu. Amma in iska ta zo daga gefe, da yatsa biyu ake riƙe sandar tuƙinsa.

Baba ya ce in zauna kawai, shi ake jarrabawa. Sanda a hannun dama, igiyar babban ƙyalle a hagu.

Ɗaya da minti goma na ga fuskar ruwa ta yi duhu daga yamma. Iskar ta buge mu gaba ɗaya. Jirgin ya kwanta har ruwa ya taɓa bakinsa, butar shayi ta faɗo a ɗaki. Abin yi a nan shi ne a saki igiya. Baba ya fizge ta daga maƙalinta, ba ta fita ba. Ya sake fizga, yatsunsa suka zame.

"Baba, igiya!"

Ya ce, "Riƙe wuri!"

Sai ya saki sandar tuƙin. Jirgin da kansa ya juya hancinsa cikin iska, ya miƙe, ya tsaya. Haka aka ƙera shi: in abu ya fi ƙarfin matuƙi, ba ya gudu da iska, fuskantar ta yake yi. Da, a lissafi kawai na san wannan.

Muka rage babban ƙyallen. Baba ya daɗe yana duban hannunsa, sannan ya miƙo mini igiyar. A haka muka yi sa'a guda, yana tuƙi yana cewa "ja" ko "saki", ba mu sake tangarɗa ba.

Bakin tafki, 2:35

Mama na tsaye, ruwa ya jiƙa mata takalmi.

"Sadiƙu, gaya mini gaskiya. Ya iya?"

Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Bar yaron nan. Jirgi lafiyarsa ƙalau. Sanda ba ta gagare ni ba, igiya ce ta gagare ni. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Mama ta zagaya jirgin, ta leƙa ɗakin, ta ɗauke butar da ta faɗi ta mayar wurinta. Sannan ta ɗaga igiyar tana jujjuyawa.

"Wannan ɗin ce? Me ake yi da ita?"

Na ce, "Ja da saki ne kawai, Mama."

"Shekara talatin ina ɗaga marasa lafiya a asibiti." Ta juya wajen Baba. "Rigar nan ta ruwa, akwai wadda za ta shige ni?"

Ta sa tawa. Suka yi minti ashirin da biyar a kusa da gaɓa, ina zaune a kan zaninta. Daga nesa ina jin muryarsa yana cewa "saki", ita kuma tana cewa ta ji, ba kurma ba ce. Da suka dawo, ba wanda ya sake maganar sayar da jirgin.

Komawa

Na yi azahar da la'asar a kan ciyawa kafin mu ɗora jirgin. A gida muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka. Na hau motar shida da kwata, cunkoso ya riƙe mu rabin sa'a, na shiga Rusholme ƙarfe tara da 'yan mintoci, tafin hannuna ya yi kanta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Bulus da Mama Rifkatu, waɗanda suka riga ni buga waya su ji ko na sauka.