Wata Uku Saboda Reshen Dogon Yaro

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin gwamnati a Sakkwato, ban da yammacin wata Laraba da na rubuta layi biyu a takarda. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata hukuma, kaina cike da turanci, ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Majalisar dokoki ta ba hukumarmu ikon tsara ƙa'idojin kare itatuwan cikin gari, ta bar mana sauran bayani. Mu uku muka zauna a ofis: darakta, mataimakinsa, da ni mai rubutu. Da muka zo kan hukunci, darakta ya ce, "Sa musu ɗauri, in ba su ji tsoro ba, ba su bari."

Na ce, "Ranka shi daɗe, har ɗauri?"

"Kai dai rubuta. Wa za a ɗaure don icce?"

Na rubuta cewa duk wanda ya sare itacen bakin titi ko reshensa ba da izini ba, ɗaurin wata uku ne, babu zaɓin tara. Aka sa hannu, aka buga a jaridar gwamnati wadda ko mu ba ma karantawa. Ba a yi shela ba, ba a faɗa a rediyo ba. Ranar har murna na yi, wai an yaba mini iya tsara magana.

Bayan wata biyar, matar wani dattijo maƙwabcinmu a Minanata ta shigo gidanmu ko takalmi babu. Mijinta tela ne, abokin mahaifina da muke kira Baba, mai fama da ciwon suga. Wani reshen dogon yaro ya kwanto kan rufin ɗakinsa, ga damina ta matso, sai ya sare shi da rana tsaka, gaban kowa, don bai san laifi ba ne. Ma'aikatanmu suka biyo ta layin, suka kai shi kotun tafi-da-gidanka. Aka tambaye shi ko ya sare, ya ce ya sare. Alƙali ya duba takarda, ya ce hannunsa a ɗaure yake, ya yanke masa ɗaurin wata uku.

Na je wurin darakta, ya ce magana ta bar hannunsa, gyaran ƙa'ida kuma sai an kafa kwamiti. Daga nan na wuce gidan yari. Na tarar da Baba ya zabge, ƙafarsa ta hagu a kumbure, an naɗe ta da tsumma.

Ya ce, "Ɗana, kai da ka cikin gwamnati, wa yay yi wagga doka? An tambayi ɗan majalisarmu, yac ce shi bai taɓa jin ta ba. To in ba su anka tambaya ba, wa anka tambaya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Daga sama ta hito, Baba." Ban taɓa jin kunya da tsanar kaina irin ta ranar ba. Shi kuwa har albarka ya sa mini don na zo duba shi.

Lauyan da aka ɗaukar masa yana ta kai da kawo kan ɗaukaka ƙara, ciwon ya ci ƙafar. A mako na bakwai aka kai shi asibiti aka yanke ta. Bai yi kwana goma ba Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ba na cewa 'yan majalisa waliyyai ne. Amma da a zaurensu aka karanta layukan nan, da wani ya miƙe ya tambayi makomar wanda reshe zai faɗo wa ɗaki, da 'yan jarida sun ji, da mutanen unguwa sun ji. A ofishinmu babu mai tambaya, don babu wanda zai koma neman ƙuri'ar kowa.

Abin da na koya ke nan: hukuma ta tsara yadda za a yi aiki, amma abin da zai kai mutum kurkuku, a yanke shi a fili, a bakin waɗanda jama'a suka zaɓa. Baba ya rasu yana neman sanin wanda ya yi dokar da ta ɗaure shi, alhali mutumin ya zauna a gabansa ya kasa faɗa masa gaskiya.