Kujerar Baya a Motar Kawu

Har yau ba na iya zama a bayan ƙaramar mota. In an matsa mini na shiga, da direba ya taɓa birki sai hannuna ya kai kan wanda ke kusa da ni tun ban sani ba. Bas nake hawa, ko da tafiyar za ta ninka. Ba don in huce nake rubuta wannan ba. Ban huce ba, kuma ba na neman hucewa.

Da na gama sakandare a gida na zo na iske Mama da Yaya a unguwar Levenshulme a Manchester, kalmar Turanci ta farko da Mama ta cusa mini ita ce gang. A shekarun ne council, wato hukumar gari, ke ta rufe abubuwa. An rufe ɗakin wasan matasa na bayan layinmu, sai yaran suka dawo bakin shagon soyayyen kaji a Stockport Road, hular riga a ka, hannu a aljihu. Mama ta ce ko sallama suka yi kada in amsa. In na taso daga shagon kayan miya da nake aiki a Rusholme, tun daga nesa nake tsallaka titi. Ba zan wanke su ba, sun taɓa ƙwace wa ɗan maƙwabtanmu waya. Amma mutum yana ganinsu ya san su, su ma abin da suke so ke nan.

Kawu kuwa ba ƙanin Mama ba ne, garinmu ɗaya kawai, amma kowa Kawu yake ce masa. Shi ke nemo wa sabon zuwa ɗaki, shi ke tsayawa a asibiti in an yi rasuwa har a ba da gawa. Yana da mota mai ɗaukar mutum bakwai. Duk matar da za ta je biki ko suna a Birmingham, shi ke kai ta, ko na mai ba ya karɓa. A lokacin an rage wa mazan mutane da yawa awoyin aiki, kuɗin coach, babbar bas mai zuwa wani gari, ma sai an yi shawara. Mama kan ce da 'yarta ta tsaya a tashar coach cikin 'yan gang, gara ta damƙa ta a hannun wanda ta sani.

'Yar ƙawar Mama ta haihu a unguwar Sparkbrook a Birmingham. Ranar sunan Mama tana da aiki a gidan kula da tsofaffi, sai ta tura ni da Yaya. Yaya tana da ciki, na fari, ya fara tasawa amma hijabi ya rufe shi. Daga mijinta sai Mama sai ni muka sani, kuma ko a tsakaninmu ba wanda ya taɓa furtawa. Mama dai ta hana ta ɗaga buhun shinkafa, shi ke nan maganar.

Mu huɗu ne mata a motar: ni, Yaya, wata dattijuwa da muke kira Hajiya, da wata Anti mai sayar da turaren wuta. Ni ce a tsakiya, inda madubin direba yake daidai idona. Yaya ta ce bel ɗin yana matse ta, ta zame shi ta mayar bayanta, na gani ban ce komai ba don na san dalili.

Mun sauka daga babbar hanya mun shigo gari, wayar Kawu ta yi ƙara. Da Turanci ya amsa, ya ce ya gan shi, ya kashe. Wata baƙar mota ta shigo gabanmu. Daga nan idon Kawu bai ƙara barin madubi ba. Wata tsohuwar ƙaramar mota ta biyo mu, ya rage gudu har ta wuce. Sai farar motar kai kaya ta zo bayanmu, mai sunan kamfani a jiki. Ya ce mu gyara zama mu yi salati, hanyar nan ba ta da kyau. Hanyar a bushe take, rana tsaka, ba cunkoso. Na ga ya miƙe hannuwansa a kan sitiyari, ya manna ƙeyarsa da kujera. Baƙar motar ta ɗan yi kamar za ta tsaya, shi kuma ya taka birki da dukan ƙarfinsa.

Ƙarar da na ji da farar motar ta dake mu ta baya, ba na son tuna ta. Yaya ta tafi gaba da cikinta ta daki bayan kujerar Kawu.

Direban farar motar dattijon Bature ne, ya fito yana ta rantsuwa bai ga fitilar birki ba. Baƙar motar ta ɓace. Kafin kowa ya kira kowa, motar janwe ta iso, mai ita ya gaisa da Kawu gaisuwar waɗanda suka saba. Duk wanda ya tambayi Yaya sai ta ce ba komai, don maza ne suka kewaye mu. Aka ƙarasa da mu gidan suna a tasi. Ta zauna cikin mata, har jaririyar aka miƙa mata ta riƙe. Can ta taɓa ni ta ce in raka ta banɗaki. Daga nan sai asibiti, kuma cikin bai tsaya ba.

Da muka dawo Manchester mata suka yi ta zuwa jaje. Abin da aka gaya musu shi ne Yaya ta bugu a ƙirji. Ina raba shayi ina jin hira. Wata ta ce motar Kawu dai sai an yi mata sauka, su ma bara haka ta faru da su a wani shataletale. Wata ta ce nasu ranar walimar ɗan wance ne. Anti mai turare ta yi dariya ta ce ai yanzu ni ma na shiga sahun masu ciwon wuya, in shirya ɗaure fuska, za a kai mu wani ofis a saman shago a Stratford Road, mutum ya ce wuya ya ce baya, bayan wasu watanni a kira shi ya karɓi diyya. Wata ta tsokane ta da cewa ita da wuyan nata ta sayi injin wanki. Aka fashe da dariya. Yaya tana ɗaki, bango ɗaya tsakaninsu.

Na ajiye butar na tambaye su ko su ma ya ce su yi salati kafin abin ya faru.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Yarinya, ki iya bakinki."

Washegari Kawu ya zo da dabino da kwalin lemo. Ya yi wa Yaya addu'a daga bakin ƙofa, ya ce da ta ji sauƙi zai kai mu ofishin, abin da za mu faɗa kaɗan ne, cewa mai farar mota gudu yake. Mama ta shiga kicin. Ban san inda na samu bakin ba, na ce masa na gan shi yana zaɓen mota a madubi.

Bai ko canza fuska ba. Ya ce, "'Yata, firgita ce. Za ta wuce." Ya ɗauki dabino ɗaya ya ɓare. Sai ya tambaye ni ko har yanzu ni kaɗai nake rufe shago ranar Alhamis, in tako zuwa bas ta bayan gidajen cin abinci. "Ki riƙa kula," in ji shi, "unguwar nan akwai 'yan gang."

Ban taɓa gaya masa ranar da nake rufe shago ba.

Na yi kwanaki ban iya cin abinci ba. Duk motar da ta rage gudu kusa da ni sai in ja da baya daga bakin titi. Amma duk safiya in na kai wa Yaya kunu na tarar ta juya wa ƙofa baya, sai wani abu ya taso mini wanda ya fi tsoron zafi. Na yi wa Kawu fatan abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ofishin 'yan sandan kusa da mu an rufe wurin karɓar jama'a, sai da na shiga cikin gari. Na ce na zo kai ƙarar wani gang. Bayan 'yan kwanaki wata 'yar sanda ta zo daga Birmingham, ba kaki a jikinta, muka haɗu a wani shagon shayi nesa da unguwa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce abin da nake kwatantawa ba gang ba ne, syndicate ne.

Na ce mene ne bambancin, ba duk 'yan ta'adda ba ne.

Ta ce gang taron yara ne ko samari da suka riƙe wani lungu, suna tare kullum, sunansu da tsoron da ake ji musu shi ne jarinsu. Syndicate kuwa sana'a ce da aka raba wa kowa aikinsa. Akwai mai tuƙi, akwai mai shiga gaba, akwai mai janwe da mai gareji, akwai ofishin da ke neman diyya daga inshora, har da wanda zai sa hannu ya ce wuyanki ya gurɗe. Wasunsu ba su taɓa haɗuwa ba, kuma ba wanda yake son a san shi. Ta ce fasinja ma aiki ne a ciki, duk kai ɗaya diyya ɗaya, shi ya sa ake son mota cike.

A nan na gane abin da muke a motar nan. Ina tsammanin 'ya'ya ne aka ba shi amana, ashe lodi ne. Ya zaɓi mata masu zuwa suna don ya san ba za su yi masa gardama ba, ya san in abu ya faru za su ce tsautsayi ne su ba da sadaka. Kunyarmu da girmama na gaba da aka koya mana, duk ya lissafa su cikin kayan aiki kamar tayar mota. Yaran bakin shagon kaji in sun tare ki, kin san an tare ki. Wannan kuwa Mama har godiya ta aika masa da ita a kwano.

'Yar sandan ta ce sun daɗe suna bin irin wannan, amma na cikin mota ba sa magana. Ta tambaye ni ko zan iya tsayawa a kotu. Na ce ta ba ni lokaci.

Da aka kira Kawu aka yi masa tambayoyi, magana ta fita. Wasu dattawa uku suka zo flat ɗinmu bayan la'asar, suka zauna da mijin Yaya, aka kira Mama aka kira ni. Sun yi magana a hankali. Suka ce mota ƙarfe ce, kamfanin inshora kuma ba uwar kowa ba ne. Suka ce in na ci gaba, matan da suka karɓi diyya su ma za a kama su, iyayenmu ne, wasu takardunsu ba su gama zama ba. Wannan gaskiya ce, na san gaskiya ce, kuma ita ta fi yi mini nauyi. Mama kanta a ƙasa ta ce a bar wa Allah. Babbansu ya ce in yi haƙuri in janye, tunda Allah ya taƙaita, ba wanda ya mutu.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Yaya ce, ko mayafi ba ta gyara ba, ita da ba ta taɓa ɗaga ido gaban waɗannan mutanen ba.

Ta ce, "Wa ya ce ba wanda ya mutu? Namiji ne. Sun nuna mini shi."

Mijinta ya rufe fuska da hula. Dattawan suka sa takalmansu, ɗaya har ya manta carbinsa a kan kujera.

Ba su kai bakin titi ba na kira 'yar sandan. Na ba ta duk abin da idona ya gani: kalar motar janwe, kamannin mai ita, shagon da Anti ta ce ofishin yana samansa. Matan ban ambaci sunansu ba, amma ban yi wa kowa alkawarin ba za a kai gare su ba. Hajiya da Anti sun daina amsa gaisuwar Mama. Na bar aikin Rusholme. An ce manyan da ke saman abin wataƙila ba za a taɓa cim musu ba, na ce a fara da wanda na sani.

An sa ranar shari'a a Birmingham. 'Yar sandan ta ce tunda an yi mini barazana, ina da damar in ba da shaida a bayan labule, Kawu ba zai gan ni ba. Na tambayi Yaya. Ta ce ita za ta je ta zauna a inda zai gan ta, ni in yi yadda zan iya.

Na ce a cire labulen. Tsoro nake ji, ina jin sa har a haƙorana, mai yiwuwa in yi amai a gaban alƙali. In na yi, a share, in ci gaba daga inda na tsaya.