Amadu da Layi na Tamanin da Bakwai

Duk wanda ya zauna Ƙaura Namoda ya san Amadu, ko da bai riƙe sunansa ba: dogo ne siriri, jakar fata a rataye, ga tsohon babur da sai an tura yake tashi. Haifaffen Banga ne, ɗan manoman gero. Ya fara makarantar kiwon lafiya, rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi gida bai gama ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana yankan kati a wani asibiti, ba a taɓa kama shi da ƙaryar ko da kwanan wata ba. Ba shi da gona mai kirki, ba shi da shago. Abin da ya mallaka a duniya shi ne in ya ce ya gani, to ya gani. A wuri ɗaya tak ya saɓa, a kan mace ɗaya, kuma labarin da zan ba ku ke nan.

Dakta Zubaida ce ta ɗauke shi aiki. Ita ma 'yar Ƙaura ce, likitar sankara a wani babban asibitin birni. Abin da ya dame ta shi ne matan karkara da ake yi wa aikin sankarar mama: a yanke, a ba da magani, a sallame su, daga nan shiru. Ba wanda ya san wadda ta rayu da wadda ta rasu. Ta tara sunayen mata ɗari da arba'in da uku daga yankin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, ta ce tana son a bi kowace har shekara biyar.

Amadu ya ce, "Ranki ya daɗe, ai akwai waya."

Ta ce, "Malam Amadu, ka taɓa tambayar Bahaushe jikin mara lafiya ya ce maka wani abu ban da da sauƙi? Ko ana haƙa kabari haka zai ce. Ido nake so. Ka je ka gan ta tsaye da ƙafafunta, sannan ka rubuta."

Haka aka yi. Duk bayan wata uku sai ya zagaya. Ya yi sallama a ƙofar gida, maigida ya fito, a gaisa, a kira matar ta zo soro. Ba ya duba jikin kowa, ba hurumin sa ba ne. Yana dai kallon tafiyarta, ya tambayi wata dattijuwar gidan ko wurin ya kumbura ko yana ruwa. In ciwo ya dawo, sai ya ba da jan kati na komawa asibiti, ya nemi mota, likita tana jira a can. Mata nawa aka ceto da wannan jan katin? Allah kaɗai ya san iyakarsu. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ya faɗi da babur a cikin laka ya fi sau a ƙirga, bai taɓa tsallake gida ba.

Layi na tamanin da bakwai a littafinsa Hamdiyya ce, matar wani manomi mai suna Maitama, a wani ƙauye can bayan Moriki. Mace ce mai barkwanci. In ta ji ƙarar babur sai ta ɗaga murya daga cikin gida, "Ga mai ƙirga mu nan ya zo! Malam Amadu, rubuta, ban mutu ba tukuna." Shekara uku yana zuwa tana nan garau, har daka take yi.

Sai hanya ta lalace. Wannan ba sai na yi muku dogon bayani ba, kowa a ƙasar nan yana da wanda aka ɗauke masa. 'Yan bindiga suka mayar da hanyar ƙauyen su Hamdiyya tasu. Wata rana Amadu ya iske motar da ta wuce shi a Moriki tsaye a tsakiyar hanya, ƙofofi a buɗe, takalma a warwatse, babu kowa. Ya juya babur, bai tsaya ba sai Ƙaura. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, kuma ba wanda zai ga laifinsa a nan. Da ya buga wa likita ya ce ba zai iya zuwa ba, da magana ta ƙare. Amma kunya ta hana shi. Shi da bai taɓa barin layi babu rubutu ba!

Ranar kasuwar Shinkafi sai ya ci karo da ƙanen Maitama ya kawo awaki. Suka gaisa. Amadu ya ce, "Ya jikin matar yayanka?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Amadu ya buɗe littafi a inuwar rumfa ya rubuta cewa ya gan ta, tana lafiya. Ya sani sarai abin da ya yi. Ya ce wa kansa wannan karon kawai, in hanya ta gyaru zai je. Hanya ba ta gyaru ba. Bayan wata uku ya sake neman ƙanen a kasuwa, ya sake samun amsa iri ɗaya. Daga baya ma ƙanen ya daina zuwa, Amadu kuwa bai daina rubutawa ba. Sau takwas ya sa hannu a kan matar da bai gani ba.

Aikin ya kammala, Dakta Zubaida ta rubuta sakamakon, wata babbar mujallar likitoci ta ƙasar waje ta buga. Cikin matan nan, ashirin da tara ne suka kai shekara biyar da rai, wato ɗaya cikin biyar. A duniyar masu bincike, darajar takarda ita ce yawan waɗanda suka kafa hujja da ita a nasu rubutun, kuma ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Takardun likita sun kai hamsin, yawancinsu ba su wuce ambato goma ba. Wannan kuwa ta haura ɗari huɗu, domin ba wanda ya taɓa bin matan ƙauye gida-gida haka. Likita ta zama farfesa. Duk sa'ad da lambar ta ƙaru sai ta turo wa Amadu hoto a waya, ta ce wahalarsa ce. Shi kuma sai abinci ya fita ransa.

Bara da damina aka tashi ƙauyen gaba ɗaya, mutanensa suka watsu. Wata safiya Amadu ya je kasuwar hatsi ta Ƙaura, sai wani ɗan dako ya sauke buhu ya riƙe masa hannu biyu. Maitama ne, ya rame, gemu ya yi fari.

"Malam Amadu! Ashe kana raye? Alhamdu lillahi!"

Amadu ya ce, "Ina Hamdiyya?"

"Allahu akbar. Ai ta daɗe da rasuwa, shekara ukku ke nan da wani abu. Ciwon ya dawo bayan zuwanka na ƙarshe da kamar wata biyu. Na ce mu tahi asibiti ko da ƙasa ne, ta ce a'a, mu jira jan kati, Malam Amadu bai taɓa saɓa lokaci ba. Da munka ga shiru, sai ta ce lalle kama ka anka yi. Wallahi har ta cika tana yi maka addu'a Allah ya kuɓutar da kai."

Amadu ya zauna a kan buhun dawa. Ya yi ta'aziyya. Ya lissafa a zuci: sa hannunsa biyar na ƙarshe duk a kan gawa ya yi su.

Ranar bayan la'asar ya buga wa likita, ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya so ta zage shi. Ya so ta ce za ta kai shi hukuma. Sai ya ji tana taɓa na'ura.

Ta ce, "In an cire ta, ashirin da takwas ne. Har yanzu ɗaya cikin biyar ne, Malam Amadu. Sakamakon bai motsa ba."

"Ranki ya daɗe, ba lissafi nake tambaya ba. Da na je, da ta rayu?"

"Ban sani ba. Wataƙila wata shida, wataƙila shekaru. Ba zan yi maka ƙarya ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni ma ina jin labarin hanyar nan kullum. Takardunka suna zuwa a cike, na ji daɗi, ban tambaye ka ta yaya ba."

Ta aika wa mujallar gyara, suka buga shi layi uku a ƙasan wani shafi. Takardar tana nan ana ta ambatonta, ta doshi ɗari biyar. Gyaran kuwa ba wanda ya ko waiwaye shi.

Amadu ya ajiye jakar fata. Likita ta nemi ya yi mata wani sabon aikin, ya ce a ba wani. Yanzu awo yake yi wa wani ɗan kasuwa a kasuwar hatsin nan, wurin da Maitama ke dako, don haka kullum sai sun haɗu. Sau uku yana shirya maganar tun daga gida, sau uku yana kasa faɗa. Maitama kuwa ba ya wuce shi bai tsaya ba. In akwai baƙo kusa sai ya jawo shi, ya dafa kafaɗar Amadu, ya ce, "Ka ga wanga bawan Allah? Shi ne ya yi ta wahala da iyalina. Ba ni da abin biyansa, Allah dai ya saka mishi."

Amadu ya sunkuyar da kai ya ce amin.