Layin da Waris Ya Sa a Sama

Waris mai gyaran waya ne a bakin titin Nima, Allah ya jiƙansa. Bai yi nisa a makaranta ba, shi ya koya wa kansa rubuta manhaja a wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi.

Abin da ya sa a ransa shi ne muryoyin tsofaffin Zango. Duk Asabar yakan rufe shago ya bi lungunan unguwar Maamobi yana ɗaukar maganarsu a waya, ya dawo ya zuba a kwamfutar: daga ina kakanni suka zo, wa ya yi soja, wa ya auri wa. Ya tara mutum sittin da uku. A cikinsu har da mahaifiyarsa, Mma Amama, wadda ta yi awa biyu tana jero zuriyarsu, tana katsewa ta ce, "Waris, gyara zama, ba a mota kake ba."

Don kada su ɓace, ya rubuta manhajar da za ta riƙa kwafe su duk Juma'a zuwa wata ma'ajiya daban a intanet. A cikin wani akwati na cikin kwamfuta ake gina irinta, kwantena suke ce masa, ana jera umarnin ginin layi bayan layi. Adireshin ma'ajiyar sau ɗaya ake rubutawa a ba shi suna. Duk inda sunan ya sake fitowa da alamar dala a gabansa, injin ya cire shi ya sa adireshin.

Waris ya ɗora sunan can sama, kafin layin da ke buɗe ginin.

Abokinsa Musah tela ya leƙo ya ce, "Injiniya mara takarda, me ka rataya a can?"

"Abu mai daraja a sama yake zama, kamar bismilla a wasiƙa," in ji Waris. "Koma kan kekenka."

Bai san abin da aka rubuta sama da wannan layi ba ya shiga cikin ginin sai an sake kiransa ba. Injin ya nemi adireshi, ya tarar babu, ya bar gurbin fanko, bai yi ƙorafi ba. Sai manhajar ta riƙa zuba muryoyin a cikin akwatin kanta, wanda ake sharewa duk aka sake kunnawa. Kowace Juma'a ta ce an gama, Waris ya ce alhamdulillahi.

Mma ta rasu da azumi. Da damina ruwa ya cika kwata ya shiga shago, kwamfutar ta mutu. Waris bai damu ba. Ya ari wata, ya buɗe ma'ajiya.

Ba komai a ciki.

Kwana uku ya yi yana bin layukan kafin ya gano. Ya nuna wa Musah da yatsa. "Layi ɗaya. Da na sauke shi ƙasa layi ɗaya."

Ya koma lungu da sabuwar waya, amma fiye da rabin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya. Daga nan ya daina fita Asabar. Ciwon da ya tafi da shi bayan shekara biyu na ƙoda ne, ba wanda ya ce kwamfuta ce.

A makonsa na ƙarshe 'yarsa Najwa ta tambaye shi yadda Mma take magana. Ya buɗe baki zai kwaikwaya mata, "Waris, gyara zama." Muryarsa ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa, sannan ya juya fuskarsa bango.