Godelieve da tukunyar Alida

Ƙarfe shida na safe Godelieve Dhondt take jingine kekenta a ƙofar lambun gilashi na garin Lochristi. Aikinta haɗa abin da ake dasa furen orkid mai siffar takalmi a ciki: ɓawon itace, gawayi, gansakuka da dakakken ɓawon kawa ta teku. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa yarda da buhu don rubutun jikinsa ba. Sai ta farke, ta sansana, ta tauna. Direban da ke kawo kaya shaida ne, ta taɓa mayar masa da mota guda ta ɓawon kwakwa, wai da gishirin teku a ciki.

"Madam, sau uku fa aka wanke shi."

"To sha ruwan wankin in gani."

Ni ma, Staf, ban yarda da ita ba. Na tsufa a kasuwar furanni ta Gent, na san masu zuba tsakuwa don kaya ya yi nauyi. Da matata Alida ta rasu, ta bar min tukunyar orkid ɗaya da ta raina shekara goma sha tara. Na sayo haɗin Godelieve, na ga farin gari a ciki, na ce yawwa, na kama ki. Na tankaɗe shi tas, na cika da ƙasar lambuna, baƙa wuluk, na dasa furen a ciki. Wata huɗu ganye ya langaɓe.

Na kai mata da shirin faɗa. Ta zazzage tukunyar, ta matsa saiwa, ruwa ya tsiyayo.

"Staf, wa ya sa ƙasa a nan?"

"Ƙasa ce mai kyau."

"Ga dankali ba. Wannan kakanninsa a tsagar dutse suke, iska saiwarsa take so. Ina ɓawon kawata?"

"Na zaci algus ne."

"Tsohon kawai. Alida ba ta taɓa tankaɗe min kaya ba."

Saiwa biyu ce ta rage da rai. Ta yanke ruɓaɓɓun, ta sake dasa shi a ƙaramar tukunya, ta ce in bar mata. Nan ma na ce a raina musanya za ta yi min, na faki idonta na tsaga ganye ɗaya da farce. Ashe ta gani. Bayan wata goma sha huɗu ta kira ni. Fure ɗaya ya buɗe, tsagar farcena tana nan.

Ke ce kika san inda ake ajiye zargi, Godelieve. Ni mutane nake zargi, ke kaya kike zargi, kuma naki ne ke raya abu. Uwar saiwa, mai aikin da ba a gani sai an zazzage tukunya.

Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Masu tasowa a lambun, ku tsaya kusa da hannunta kafin ranar, ba a rubuta abin nan a ko'ina ba.

Godelieve, na gode da kika mayar min da abin Alida da ransa. Ranar da kika kira ni na ɗauki tukunya na fita, ban ce ki yafe min ba. Yau na ce, a gaban kowa.